Alhakin Ƙurar Zinariya Yana Wuyan Wa?

Ya ku 'yan'uwa na Tsibiri da kewaye, ga wata tambaya da ya kamata mu auna: in mutum ya cuci wani ba da saninsa ba, yana da laifi?

Ku tuna da abin da ya sami maƙwabtanmu. A shekara ta 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka gane dalili. Ashe dutsen da a ke haƙowa domin zinariya cike ya ke da dalma. Akan kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a injin hatsi. Ƙurar kuwa ta kwanta a tsakar gida, inda yara su ke rarrafe suna sa hannu a baka. Yara fiye da 400 suka rasu, waɗansu da suka tsira ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

To, wa za mu kama? Uban da ya kawo dutsen abinci ya ke nema, bai san guba ya ɗauko ba. Amma zinariyar ba a ƙauye ta tsaya ba. Dillali ya saya, ya sayar wa attajiri, attajiri ya kai wa manyan kamfanoni. Riba ta tafi birni, ƙura ta zauna a ƙauye. Mai kuɗi da ilmi wanda ya ƙi tambayar yadda aka samo hajarsa, rashin saninsa na ganganci ne, gama ya fi kowa ikon bincike. Hukuma ma tana da nata kason: mutanen Bagega sun jira har 2013 kafin a saki kuɗin kankare ƙasar gidajensu.

Mu fa? An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma yanzu gari ya waye. Duk da haka, a 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja. Saboda haka wanda ya ga ana niƙan dutse kusa da yara ko rijiya, ya kuwa yi shiru, ya shiga cikin alhakin. Ka gargaɗi maƙwabcinka da taushin murya. Ka sanar da hakimi da ma'aikacin asibiti. In kamfani ya zo haƙa, ku tambaye shi a gaban jama'a inda zai zubar da dattinsa, da wanda zai biya in yaro ya kamu.

Jiya uban nan yana da hujja. Mu da muka ji labarinsa ba mu da ita.