Wanda Ya Gaji Gona, Ya Gaji Bashinta?

Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu iya magana. To amma me ake gada? Suna da gona kaɗai, ko kuwa har da abin da aka aikata kafin a same su? Domin duba wannan tambaya za mu ɗauko misali daga karkarar Ingila, inda bin salsala ya daɗe da zama sana'a.

A can akwai wani rukuni na masu ƙasa waɗanda ba su kai manyan masu sarauta ba, amma sun fi ƙarfin talaka, suna zaune a gandayensu suna karɓar haya daga manoma. Bin asalinsu ba wuya, domin tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, kuma daga 1530 zuwa 1688 jami'an sarki sun yi ta zagaya gundumomi suna tantance salsalar manyan gidaje.

Mu ɗauki gidan Drax na Charborough, a gundumar Dorset. Mai bin asalin gidan ba zai tsaya a Ingila ba, sai ya ƙetare teku zuwa tsibirin Barbados, inda James Drax ya kafa gandun rake a shekarun 1640, bayin da aka kwaso daga Afirka suna noma shi. Da Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya iyayen giji diyya. Gidan Drax ya karɓi fam 4,293 a kan mutum 189. Su kuwa bayin ko anini ba a ba su ba. Wani ɗan gidan, Richard Drax, wanda ya yi ɗan majalisa daga 2010 zuwa 2024, ya gaji wannan gandu. Da aka taso shi da magana, ya nuna cewa abin takaici ne, amma ba a ɗora wa na yau laifin ɗaruruwan shekaru.

A ganinmu, rabin maganarsa gaskiya ce. Laifi tudu ne, kuma wanda ya aikata shi ne ya hau; jika ba ya ɗaukar zunubin kaka. Sai dai laifi daban, bashi daban. Ko a wajenmu ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, ba don magada sun yi laifi ba, sai don haƙƙin wani yana cikin dukiyar.

Akwai kuma wani abin lura. Kowane ɗan Adam, in ya koma baya hawa goma, lissafi zai ba shi kakanni 1,024, amma salsala layi ɗaya take bi. A gidan Drax an sha rasa magaji namiji, sai wanda dukiyar ta koma hannunsa ya ɗauki sunan. Ashe ba jini salsalar ke bi ba, gona take bi. Wanda ya zaɓi wannan layi don ya ci moriyarsa, ba shi da bakin cewa tarihin layin bai shafe shi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wani zai ce: in haka ne, ina za a tsaya? Wace ƙasa ce ba a taɓa zalunci a kanta ba? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba mu ce a tono kowane kabari ba. Amma inda takarda ta tabbatar da zaluncin, dukiyar tana hannu, jikokin waɗanda aka zalunta kuma suna raye, tsufan bashi ba ya zama biyansa.

Mu marubuta abin ya fi shafa. Mu ma muna da gidaje masu asali, an kuma yi gandaye da rinji a ƙasar nan. Ranar da aka ba mu aikin rubuta tarihin wani gida, za mu zama maroƙa ne ko marubuta? Maroƙi yana da damar tsallake abin da ba ya jawo kyauta. Marubuci kuwa, in ya lissafa masu gona, wajibi ne ya tambayi sunan waɗanda suka riƙe fartanya.