Jakar Mai Tafiya Mai Nisa

A gabashin ƙasar Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ake ce da ita Hanyar Afalaciya. Ta tashi daga jihar Jojiya a kudu, ta bi ta kan duwatsu da cikin kurmi har jihar Men a arewa, tsawonta kusan mil 2,200. An gama share ta cikin shekara ta 1937. Kowace shekara mutane da yawa sukan tashi domin su taka ta daga farko har ƙarshe, tafiyar wata biyar zuwa bakwai, amma wajen ɗaya cikin huɗu ne yake kaiwa. Ba jaki, ba ɗan dako. Abin kwanciya, da tufafi, da guzurin 'yan kwanaki, duka suna cikin jaka ɗaya a bayan mutum.

Shirya jakar nan kuwa sai da koyo. Bargo yana can ƙasa, gama ba a nemansa sai da dare. Abu mai nauyi, watau abinci da tukunya da ruwa, akan sa shi a tsakiya daf da gadon baya, domin kada ya rinjayi mutum a wurin hawa. Rigar ruwa da magani suna sama, inda hannu zai kai da sauri. Waɗanda suka saba sun ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. Mutum mai kilo 70 ke nan, kayansa kilo 14. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Jaka ba ta ƙaruwa: kowane abin da ya shiga ya hana wani shiga.

Wajen mil 30 daga mafarin kudu akwai wani kanti a bakin hanya inda akan zazzage wa matafiya jakarsu a ƙasa, a duba kaya ɗaya ɗaya. Daga nan mutane sukan aika da abubuwa da yawa gida. Matafiyan nan sukan ce tsoron mutum ne yake cika masa jaka. Mai tsoron sanyi ya ninka riguna, mai tsoron yunwa ya ɗauki abincin da ba zai iya cinyewa ba.

To, 'yan'uwa, ga tambaya. Idan tsoro ne yake ƙara kaya, ashe, wanda jakarsa ta fi sauƙi shi ya fi bangaskiya?

Bari mu dubi wata tsohuwa mai suna Ema Getwud, mutuniyar jihar Ohayo, uwar 'ya'ya 11. Cikin shekara ta 1955, tana da shekara 67, ta taka hanyar nan duka ita kaɗai. Ba ta ɗauki alfarwa ba. Wani buhu ta ɗinka da hannunta ta rataya a kafaɗa, da bargo ɗaya da labulen roba na kare ruwa. Har yau ana yabonta, ni ma ina yabonta. Amma akwai abin da masu yabo sukan tsallake. Sau da yawa takan sauka daga dutse ta ƙwanƙwasa ƙofar mutane, su ba ta abinci da wurin kwana. Kayan da ba ta ɗauka ba suna nan, a gidan waɗansu suke.

Ban ce ta yi laifi ba. Karɓar alheri ba abin kunya ba ne, mai girmankai ne yake ƙinsa. Sai dai kada mu ce sauƙin jaka shi ne bangaskiya. A cikin Luka sura 10 Ubangijinmu ya aiki almajirai ba jaka ba guzuri, domin su ci a gidan da aka karɓe su. A sura 22 kuma, sa'ad da ƙiyayya ta matso, ya umurce su su ɗauki jakar. Ubangiji ɗaya ne, almajiran kuma nasa ne. Hanya ce ta sāke, da ƙofofin da za su buɗe.

Manzo Bulus ya haɗa abu biyun nan cikin Galatiyawa sura 6. A aya 2 ya gargaɗe mu mu taimaki juna da kaya, a aya 5 kuma ya ɗora wa kowa nasa. Waɗansu sukan ga kamar ya yi tufka da warwara. A Helenanci kalmomi biyu ne dabam. Ta fari nauyi ne mai danne mutum, ta biyun kuwa kayan da aka rubuta wa mutum ya ɗauka, kamar jakar matafiyi. Wanda ya bar rigar ruwansa da gangan domin ya yi sauri, yana sane abokinsa zai tsaga tasa ya rufe shi, ya ɗauki kayan aya 5 ya mai da su na aya 2. Wannan wayo ne, ko da an sa masa sunan dogara ga Allah. Kakanninmu sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A ganina, abu uku ne suke neman wuri a jaka, ba biyu ba. Akwai abin da tsoro ya sa, wannan a fitar. Akwai abin da hanya za ta nema lalle, wannan naka ne, kada ka bar wa wani. Na uku shi ne mai wuya, gama ma'auni ba ya saninsa: ƙyallen ɗaure rauni fiye da bukatarka, da ɗan guzurin da ka yi niyya tun daga gida wani ne zai ci. Mai zazzage jaka a kantin nan yana iya cewa wannan nauyin banza ne, da gaskiyarsa kuwa bisa ga lissafi. Amma Basamariyen nan na cikin misali, da bai fito gida da mai da ruwan inabi ba, da ba shi da abin zubawa a raunin mutumin da ya tarar a hanyar Yariko.