A Rubuta Sunan Shago

Wani ɗan'uwa tela ya same ni bayan sujada. Ya ce ya sayi keken ɗinki biyu, ya kama shago, ya rubuta suna a bisa ƙofa, yana so in je in yi addu'a. Na tambaye shi ko ya yi rajistar sunan. Ya ce, "Ai Fasto, Allah ya san shi."

Hakika Allah ya san shi. Amma ku tuna da Yusufu masassaƙi cikin Luka sura 2. Sa'ad da Kaisar Augustas ya umarta a rubuta mutane, ya tashi tun daga Nazarat har Baitalami, ga Maryamu da tsohon ciki. Bulus kuma cikin Romawa 13 ya ɗora biyayya ga mahukunta a kan lamirinmu.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce wanda yake ciniki da wani suna dabam da nasa, sai ya kai shi wurin hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, cikin kwana 28. Za a fara duba ko wani ya riga shi. Idan ku biyu ne, a rubuta ku duka.

Wannan na ƙarshe ya fi damuna. Na taɓa binne wani dattijon ikilisiya wanda ya haɗa jari da abokinsa da baki kawai. Gwauruwarsa ta zo mini da 'ya'ya huɗu, ba takarda ko ɗaya a hannunta. Abokin ya ce shagon nasa ne.

Na gaya wa telan zan zo ranar Asabar, amma zan fara ganin takardarsa ta neman rajista tukuna.