Kuɗin Tsohon Tebur

Ranar Lahadi a kasuwar Illela, dillali zai dafa gadon bayan rago, ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya yanke kuɗinsa da naira. In mai saye daga Kwanni ya ƙetaro, nan take ya juya masa lissafin da sefa. Amma ka ja wannan gwanin zuwa wani zaure a Amarawa, ka nuna masa tsohon teburin rubutu da kaji ke kwana a ƙarƙashinsa, sai ka ga ido ya raina fata. Iyakarsa ya girgiza shi ya ce, "Alhaji, ai wannan sai dai a ɗora masa tulu."

Irin teburin nan ne na malaman En'e da tsofaffin ma'aikatan kwastan: aljihu uku a dama, na sama mai makulli, samansa duk tabon tawada, ƙafa guda an tokare ta da bulo. Magada kan yi zaton tunda ya girmi kowa a gidan, dukiya ce. Tsufa kaɗai kuwa ba ya sayar da kaya, in ba haka ba da turmin kowace tsohuwa ya yi kuɗi.

Kafinta ya fi dillali ido a nan. Shi kifar da teburin yake yi, ya kankare ƙarƙashinsa da wuƙa inda fenti bai taɓa ba, ya ga ko maɗaci ne mai ja-ja, ko loko wanda gara ke shakka. Sai ya zaro aljihu ya dubi kusurwa. In katako biyu sun sarƙe haƙori cikin haƙori babu ƙusa, haƙoran kuma ba su zo daidai wa daida ba, aikin hannu ne da zarto da kurfi. Sukuru mai tsaga ɗaya ya fi mai kan tauraro shekaru. In gindin aljihun falle ne na filawud, ko dai teburin bai kai yadda ake zato ba, ko an taɓa yi masa gyara. Ya ƙwanƙwasa ƙafafu, in ya ji holoƙo, gara ta riga kowa cin gado. Sai dai duk wannan sani, kuɗin katako zai taya, don benci yake hangowa a ciki.

Masu neman kayan tarihi ma ba tebur ke kawo su ba. Mutum-mutumin yumɓu na ƙasar Sakkwato da Katsina suke farauta, waɗanda aka sa cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa tun shekarar 2000. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi babu izini, kuma a aikin hannu na gida ta kafa iyaka da 1918. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, galibin teburan ofis kuma sun zo ne can daga baya. A Ingila ma, inda aka san darajarsu, kasuwar manyan kayan katako na da ta faɗi, domin ɗakunan yanzu ba su da fili.

Abin da ke ɗaga irin wannan tebur shi ne shaida: na wa ne, a wane ofishi ya zauna, me aka rubuta a kansa. Wani lokaci akwai lambar ofis da aka buga a bayansa. Sau da yawa shaidar tana cikin aljihun nan mai makulli: rasit na haraji da jangali, wasiƙar ajami mai hatimin hakimi, littafin lissafi da fam da sule, wanda shi kaɗai ya nuna an rubuta shi kafin naira ta zo a 1973. A gari irin Amarawa, inda iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba dangi gida biyu, takardar da ta nuna wa ya biya haraji a wane ɓangare ba ƙaramin abu ba ce. Irinsu ake adanawa a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.

Su ne kuma ake fara zubarwa. Ranar da aka ce za a gyara teburin, yaro ya ɓalle makullin da guduma, a juye takardun, mai ƙosai ta samu na ƙunshi. Sannan a kawo fentin mai shuɗi a shafe tabon tawada da lambar ofis gaba ɗaya, a ce ya koma sabo. Ni a ganina gara a bar shi da ƙurarsa, a dai ɗaga shi daga ƙasa saboda damshi.

Ranar rabon gado, masu ƙiyasi kan rubuta shi a layi ɗaya da tabarmi da buta, a ba shi kuɗin da bai kai na kujerun roba biyu ba, ya faɗa rabon wanda bai halarta ba. Takardun ciki kuwa ko a lissafi ba sa shiga.