'Yan Ubanci a Gidan Sarautar Damagaram

Idan mai gida ya rasu, malamai sun san yadda za su raba dukiyarsa: matan aure su ɗauki tumuni in akwai 'ya'ya, ɗa namiji ya samu rabon mace biyu. Rawani ne kaɗai ba ya rabuwa, kuma a kansa 'yan ubanci ya fi nuna haƙora.

Sarki Sulaiman, wanda ya mai da Zinder mazaunin sarauta, ya bar 'ya'ya biyu da suka yi ta karɓe gadon daga hannun juna. Ibrahim ya hau a 1822. A 1841 Tanimun ya ture shi, a 1843 Ibrahim ya dawo, sai a 1851 sarautar ta zauna wa Tanimun har rasuwarsa a 1884. Ba mai musun cewa Tanimun babban sarki ne: shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa. Amma a shekarun nan goma na tashi-in-zauna, kowannensu sai ya saurari abin da Kukawa za ta ce, domin a lokacin Damagaram na ƙarƙashin Shehun Borno da ke zaune a can. Ɗan'uwa ya zama abin tsoro, baƙo ya zama alƙali.

Ciwon yakan faro tun daga tsakar gida. Yaro na tasowa yana jin ana cewa "ɗan ɗakin can", yana lura da wanda uba ya fara kira da wanda aka ɗinka wa babbar riga ranar sallah. Mun saba ɗora laifin kan kishiyoyi, alhali uban da ya fifita ɗaki guda shi ya fara kunna wutar. Tsarin fada ma ya nuna tsoron ɗan'uwa: a da sarakuna sun fi sakin jiki da bayi da babanni fiye da jininsu, don baba ba shi da ɗan da zai nema wa rawani.

Da Faransawa suka ci yaƙin Tirmini a 1899, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, ba su sha wuyar samun magaji ba. Suka naɗa ɗan'uwansa, Amadu ɗan Bassa. Bai wuce shekara bakwai ba suka zarge shi da shirya tawaye, suka sauke shi a 1906, suka miƙa riƙon ƙasar ga Ballama, wani baban fada.