Kakanninmu a Yaƙin Hitila: Me Za Mu Faɗa wa Yaro?

Ɗalibin sakandare a Dambatta ko Bichi, in aka tambaye shi Yaƙin Duniya na Biyu, yakan kawo 1939 da 1945 da sunan Hitila, shi ke nan. A ganinsa rigimar Turawa ce da aka yi can nesa. Duk mai son taimaka masa, malami ne ko yayansa, sai ya fara nuna masa cewa yaƙin ya shigo har gida.

Sojojin Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, sun yaƙi Italiya a Habasha a 1941. Daga baya aka kwashi wasu zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Japan a ƙungurmin daji. Jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi a Kano suke yada zango kafin su wuce Masar. Daga 1942 aka riƙa tilasta wa talakawa haƙar kuza a Jos, manoma kuma aka matsa musu su ƙara noman gyaɗa.

Da yaro ya ji haka, tambaya mai nauyi za ta biyo baya: jarumai ne kakannin nan, ko amfani kawai aka yi da su? A nan babba kan so ya taƙaita. Wani ya ce jarumai ne, ya ɓoye zaluncin mulkin mallaka. Wani ya ce bayin Bature ne, ya zubar da mutuncin mutanen da suka mutu a ƙasar da ba su taɓa jin sunanta ba.

Duka amsoshin biyu tauye wa yaro haƙƙi ne. Gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa kusan miliyan 6, don haka karya ta alheri ne. Amma waɗanda aka tura kare 'yancin wasu, su kansu ba su da shi sai 1960, kuma ba a nemi shawararsu ba. Mutum na iya aikata alheri a ƙarƙashin azzalumin shugaba. Jarumtar tasa ce, zaluncin na wanda ya aike shi ne. Ɗan shekara 16 zai iya riƙe wannan, in ba a raina hankalinsa ba.

Kuma yana bukatarsa, domin sa'o'insa ake ruɗa a yau, a miƙa musu makami a daji ko ranar zaɓe. Wanda ya saba tambayar wa ya kira yaƙi, wa ya tafi, wa ya ci riba, da wuya a ja shi da hanci.

Saboda haka in ya gama duba waya, a tura shi zaure wajen dattawa. Waɗanda suka je Bama sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu na nan, kuma sun san wanda ya dawo da wanda bai dawo ba.