Littafin Gidan Yari: Wa Ke Da Haƙƙin Dubawa?

 

A unguwa irin Kwaciri, inda samari ke sammako zuwa kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari neman na tuwo, babu daren da ya kai wa uwa tsawo kamar daren da ɗanta bai komo gida ba. Gari na wayewa sai dangi su rarrabu, wani ya nufi asibiti, wani ofishin 'yan sanda, wani kuma ya je ya tsaya ƙofar gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse yana tambaya ko an kawo wane. Abin da suke nema kuwa bai wuce layi ɗaya cikin littafi ba, watau sunansa, da ranar da aka kama shi, da dalilin kamun, da inda aka ajiye shi. To, wa ya cancanci ya ga wannan layi? Iyalinsa kaɗai, ko kuwa duk wanda ya ga dama?

Wanda ya ce a ɓoye, yana da hujja mai ƙarfi. Musulunci ya girmama rufin asiri ƙwarai, Suratul Hujurati kuma ta hana mugun zato da binciken aibin mutane. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna wa Hazzalu, mutumin da ya sa Ma'izu ya kai kansa, cewa da ya suturta shi da ya fi masa alheri. Ma'izu kuwa da bakinsa ya amsa laifi. Ina ga wanda tuhumarsa kawai ake yi?

A Amurka, gidajen wakafi na gundumomi da yawa sukan saka sunan wanda aka kama da hotonsa da tuhumar da ake yi masa a intanet, kowa ya duba. Daga nan waɗansu suka mai da abin sana'a, su kwashe hotunan su baza, sa'an nan su nemi kuɗi kafin su cire, har sai da waɗansu jihohi suka yi dokar hanawa. Kotu ta wanke mutum, amma hotonsa yana nan yana hana shi aiki da aure. A nan gida ma akwai ƙanin wannan, watau jera waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida tun alƙali bai gan su ba, a kuma yi ta yawo da hotunansu a wayoyi.

Amma fa a lura, suturar da Shari'a ta yi umurni da ita ta aibin mutum ce. Ba a taɓa nufin a ɓoye shi kansa mutumin ba. Idan aka tsare bawan Allah ba wanda ya san inda yake, to, asirin mai tsarewa aka rufa, shi kuwa tsararre an bar shi a hannun wanda ba mai tambayarsa. Sa'ad da aka kamo Sumamatu ɗan Usalu, a jikin ginshiƙin masallacin Madina aka ɗaure shi, idon kowa na kansa, Annabi da kansa yana zuwa yana tambayarsa, a rana ta uku kuma ya sa aka sake shi.

Da daula ta faɗaɗa, har Sayyidina Umar ya sa aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka kan dirhami 4,000 aka mai da shi kurkuku, sai ya zama ido ba ya iya kai wa ga kowa, dole alƙalami ya tsaya a madadinsa. Alƙali Abu Yusufa, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan Hijira, ya shawarci Halifa Haruna Rashid cikin Kitabul Kharaji da ya naɗa mutumin kirki ya rubuta sunayen 'yan kurkukun da za a ciyar daga baitulmali, ya riƙa kiransu ɗaya ɗaya kowane wata yana danƙa wa kowa dirhami goma a hannunsa. Dalilinsa shi ne, in an ba da gurasa masu gadi za su cinye. Ya kuma koka da yadda baƙo kan mutu a tsare, gawarsa ta kwana ɗaya ko biyu ba a binne ba. Ashe tun a wancan zamani littafin nan linzami ne a bakin mai tsaro. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda malaman Kano suka daɗe suna karantarwa a zaure, shi ma ya ce sabon alƙali da tsararru zai fara kafin sauran ƙararraki. Da me zai fara in ba a rubuta su ba? Annabi Yusufa (A.S.) shekaru ya ƙara a kurkuku saboda mutum ɗaya ya manta da ambatonsa a gaban sarki.

Dokar ƙasa ba ta yi nisa da wannan ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce cikin awa 24, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta wajabta rubuta sunansa da adireshinsa da tuhumarsa, da sanar da danginsa ba tare da karɓar ko kwabo ba, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba littafin kamu. Jihar Kano ta yi tata dokar a 1999 da ashirin, watau 2019. Duk da haka kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Saboda haka amsar ta rabu gwargwadon mai tambaya. Uwa da mata da lauya da alƙali, ƙofar littafin a buɗe take gare su, wanda ya rufe ta ko ya sa mata kuɗi ya ci amana. Ɗan tsegumi kuwa, mai son ya sami abin faɗa a majalisa, ba shi da rabo a ciki, domin saninsa ba ya sassauta wa tsararre komai.

Saura laifin da ke wuyan iyali. Sau da yawa kunya kan sa magidanci ya ce ɗansa ya yi tafiya Ikko, alhali yana Goron Dutse kan tuhumar da beli kaɗai take bukata. Liman bai sani ba, mai unguwa bai sani ba, kawun da ke da rumfa a kasuwa, wanda zai iya tsaya masa, shi ma bai sani ba. Uban yana ganin ya rufa wa gidansa asiri, yaron kuwa yana can wata na uku, kullum aka kira masu baƙi a ƙofa sai ya ɗaga kai.